Igiya ta Huɗu

"Gwaggo, kin ji abin da yak kama maƙwabcinki?"

Jamilatu ba ta ko gama cire takalmi ba ta jefo maganar. Malama Ummul Khairi tana zaune a gindin dalbejiyar tsakar gida, tabarau a kan hanci, tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗaga kai ba. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa a firamare, goma sha ɗaya daga ciki tana shugabar makaranta, ta san wanda ya ɗauko labari ba ya jiran a ce masa ci gaba.

"Yasin ta," in ji Jamilatu, ɗiyar ƙanen Malama, ta zube a bakin tabarma tana fifita da gefen mayafi. "Dabo mai basilla. Ashe shi ka kai rahoton mutane ga kwastan. Shi yat tona motar shinkahwar Alhaji Lukmanu da anka kama hanyar Araba. Alhaji yas sa anka yi Yasin ga dut wanda yac ci amanatai, kwana ukku ba a yi ba Dabo yak kwanta. Ƙahwahunai sun kumbura awa turmi."

"Yaushe aka kama motar?"

"Sati biyu ke nan."

"Ƙafafun Dabo sun fara kumbura tun kafin babbar salla. Da idona na ga ya tsaga takalminsa da reza don su shiga. Yasin ɗin ta riga motar da wata tara ke nan?"

"Kai Gwaggo, ke dai ba ki yarda da komi."

"Na yarda da Yasin. Ke ce ban yarda da ke ba. Wa ya gaya miki?"

Sadiya ce ta gaya mata, matar Hamidu direba, wanda shi ne ke tuƙa motar ranar da aka kama ta. Hujja kuma, in ji Jamilatu, kowa a rumfar albasa ya gani: wata biyu Dabo yana bin mutane da wasu irin tambayoyi, in suka amsa sai ya ciro igiya ya ƙulla.

Malama ta ajiye faifan. Katanga ɗaya ce tsakaninta da Dabo, tun kafin a ja wuta unguwar. Shekara arba'in mutumin nan yana zaune a kan kututture a rumfar albasa yana ɗinke bakin buhuna da basilla, babbar allurar nan mai lanƙwasa. Matarsa ta rasu shekara shida, daga shi sai ɗiyarsa Mu'minat, wadda ta gama difloma take zaune gida. Sai yanzu Malama ta lura cewa kwana goma ke nan ba ta ji sallamar mai dubiya ko ɗaya a ƙofarsa ba. Mutum yana kwance, gari ya yanke masa hukuncin munafuki, kuma idan ya tafi a haka, da wannan sunan za a rufe shi.

Ita ma ba ta shiga ba. Kunu take miƙawa ta kan katanga. Ta gaya wa kanta gwiwa ce ke damunta.

Washegari Alhamis da hantsi ta ɗauki lema ta taka har rumfar albasa. Bazara ce, albasar fadamun Kalmalo ta shigo, warinta yana sa ido ruwa tun daga titi. Buhuna a jere bakinsu a buɗe. A kan kututturen Dabo wani baƙo ne daga Ƙonni yake ɗinki, ɗinkin nan a karkace, ko ita da ba sana'arta ba ta gane.

Hamidu yana zaune a benci, direba ba mota. Yana hango ta ya miƙe zumbur ya ɓoye taba a bayansa, kamar har yanzu yana aji huɗu.

"Malama! Ranki shi daɗe. Ke da kanki cikin ranag ga?"

"Zauna, ba layin safe ba ne. Kuma tabar za ta ƙona maka riga. Me Dabo ya tambaye ka?"

Hamidu ya waiga dama da hagu kafin ya rage murya.

"Ina nan zaune, shina ɗinkinai, sai yac ce, 'Hamidu, in kana aiki wani wuri, kag ga abokin aikinka ya hitar da kaya ba a rubuta su ba, ƙaƙa za ka yi? Ta ɗaya, ka yi shiru. Ta biyu, ka ja shi gehe ku yi magana. Ta ukku, ka kai ƙara ga babbanku. Ta huɗu, ka bar aikin.' Malama, cikin garin ga! Inda kowa da kayanai, kowa da hanyatai. Wa ka irin tambayag ga in ba mai wani nuhi ba?"

"Kai me ka ce?"

"Ta ɗaya mana, shiru. Ni ɗan halas na. Sai yaj jawo wasu igiyoyi huɗu daga aljihu yaƙ ƙulla guda. Nic ce mi na na? Yac ce ba komi. Kuma ba ni ɗai ba. Ya tambayi Sahabi mai awo, ya tambayi 'yan dako, har masu canjin sefa bai bari ba. Kwana huɗu ko biyar shi taho da wata sabuwa."

"Motar fa? Yaya aka yi aka kama ta?"

Hamidu ya sosa ƙeya. "Kahewa tay yi cikin rairayi bayan Araba. Muna ta tono har rana tah hito."

"Har wane lokaci?"

"Har... kamar war haka."

"Babbar mota cike da shinkafa ta tsaya a fili har hantsi, mai kiwon awaki ma ya gan ta, amma kwastan sai an aika musu takarda?"

"Alhaji bai son jin wagga, Malama. Shi yac ce a bi hanyan nan. Ni nic ce akwai rairayi."

Da a wata rana ce, da ta tsaya ta wanke shi tas. Amma hankalinta ya riga ya bar motar. Ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu. Babu ɗan rahoton da yake jera wa mutum zaɓi huɗu. Wannan tsarin tambayar jarrabawa ne, ta shekara talatin da biyar tana rubuta irinsa a allo. Kuma wannan tambayar ta abokin aiki da kayan da ba a rubuta ba, ta san inda ta taɓa ganinta. Sai ta ji lemar ta yi mata nauyi a hannu.

Wata biyu da suka wuce, bayan la'asar, Dabo ya yi sallama a zaurenta da kwandon albasa, Mu'minat tana bayansa riƙe da waya. Ta ba shi kujera ya ƙi, ya durƙusa a ƙasa duk da ƙafafun. Ya ce wani kamfanin jigilar kaya zai buɗe ofis a bakin iyaka, za su ɗauki ma'aikata, amma ba sa ko duban fuskar mutum sai ya ci wata jarrabawa a kwamfuta a Sakkwato. Mu'minat ta yi irinta sau biyu a wasu wuraren. Lissafi, jerin lambobi, zane-zanen nan da ake cewa wanne zai biyo baya, duk tana cinye su kafin lokaci ya cika. Sashe ɗaya ne yake kayar da ita, wanda ake kawo wa mutum wani hali na wurin aiki a ce ya zaɓi abin da ya fi dacewa. Su a gida suna kiransa tambayoyin ƙaƙa-za-ka-yi. Shekararta ashirin da tara, sanarwar kuma ta ce kada a wuce talatin.

"Ke kinka hwara koya mata baƙi da wasali, Malama," in ji Dabo. "Ki ƙarasa mata."

Malama ta karɓi wayar ta ce tabarau ɗinta na ɗaki. A ɗaki, ita kaɗai, ta amsa tambayoyin gwaji guda biyar. Ba ta ko yi dogon tunani ba. Ita da ta raba rigimar malamai, ta sallami ɓarawon alli, ta zauna da sufetoci? Wayar ta nuna mata biyu da kore, uku da ja. Inda ta zaɓi a faɗi gaskiya nan take, wayar ta ce a jira a keɓe. Inda ta zaɓi haƙuri, wayar ta ce a kai ƙara. Ta sake karantawa, ba ta ga wata ƙa'ida da za ta kama ta koya wa wani ba. Ta danna, ta danna, har shafin ya ɓace.

Ta fito ta miƙa wayar, da muryar nan da take ajiye wa malamai ragwaye.

"Wannan ai ba karatu ba ne, Malam Dabo. Ni me na sani? Ka tafi kasuwa ka tambayi 'yan dako da masu awo, su ne malaman wannan fanni."

Gatse ne. Kowace mace a Illela da ta ji za ta san gatse ne, magana ce da ake faɗa don a fahimci kishiyarta. Dabo ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Malama. Allah shi saka da alheri." Ya bar albasar. Ta cinye ta kaf a miya.

Daga kasuwa ba ta shiga gidanta ba sai don ta yi azahar. Tana sallamewa ta zaga ƙofar maƙwabci. Ko takalmi ɗaya babu a bakin zaure. Mu'minat ce ta amsa sallamar, doguwa, siririya, idanunta sun faɗa. Ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata, babu abin da za a ce ta rage, babu kuma abin da ta ƙara.

Dabo yana jingine da filo biyu don ba ya iya numfashi a kwance. Asibiti sun ce zuciya ce, sun ba da magani sun ce a koma gida. An lulluɓe ƙafafun da zane. Yana ganinta ya fara kokawar gyara zama.

"Malama da kanta! Mu'minat, kujera. A'a, ba wagga ba, mai hannu."

"Yaya jikin, Malam Dabo?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Hannun ɗai yay yi nauyi. Tun kahin in kwanta nig ga mutane sun daina kawo man buhu. Ban ga laihinsu ba, mai kaya sauri shi ka so."

Malama ta dubi Mu'minat. Mu'minat ta girgiza kai kaɗan, yadda shi ba zai gani ba. Bai san abin da gari ke faɗa a kansa ba ke nan.

A bango, sama da kansa, an kafa ƙusoshi a jere, kowace da damin igiya rataye. Igiyar ɗinkin buhu ce, huɗu-huɗu an haɗe kansu: ja, fara, shuɗiya, da ta rama. Malama ta ƙirga dami goma sha ɗaya.

"Kin ga aikinki," in ji Dabo, fuskarsa ta washe. "Kowane dami tambaya guda. Ta karanta man da Hausa har in hardace, in tahi da ita kasuwa wada kinka ce. Ja ita ta ta ɗaya, hwara ta biyu, haka har huɗu. Wanda yab ba ni amsa in ƙulla mai. In na komo mu ƙirga. Ni ban iya bokon ba, amma ƙulli ba ya ƙarya."

"Ba ka gaya musu dalili ba?"

"Haba Malama. Abin da mutum ka nema ba a shelatai. Baki na kama abu. Sau biyu tana hwaɗuwa, kuma dut sau biyun sai da dangi sunka ji za ta tahi. Wagga karon daga ni sai ita sai ke."

Malama ta gyara tabarau. Ta buɗe baki.

"Malam Dabo, maganar da na yi maka ran nan a zaure..."

"Ai ban da bakin godiya. Na ce ma Mu'minat, kin ga mai ilimi? Wani da sai shi riƙe abin ga kainai. Ita tac ce a tambayi talakawa. Tac ce man wai wasa kika yi. Nic ce Malama ba ta wasa da karatu."

Ta bar shi ya gama. Ta bar maganar ta mutu a nan. Ta ji kanta tana cewa, "Allah ya sa a dace."

Ya miƙa hannu da ƙyar ya ciro damin ƙarshe daga ƙusa. Igiya uku sun yi tudu-tudu da ƙulli, ta ramar kuwa santal.

"Wagga ban gama ta ba nik kwanta. Kuma ke ɗai ta ban taɓa tambaya ba. Ki ba ni taki, ta hi ta mutum goma." Ya lumshe ido yana jawo hadda, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Kin yi kuskure wurin aiki. Ba wanda yas sani. Laihin ya hwaɗa bisa wani. Ƙaƙa za ki yi? Ta ɗaya, ki yi shiru. Ta biyu, ki taimake shi a ɓoye. Ta ukku, ki jira ki ga ko abin zai wuce. Ta huɗu, ki tahi ki hwaɗi da bakinki."

Ta dube shi da kyau ko akwai wani abu a bayan tambayar. Babu. Hadda kawai yake biyawa. Mu'minat ce ta tsura wa ƙasa ido.

"Ta huɗu," in ji Malama. Da sauri ta faɗa, kamar ɗalibar da ta san darasi.

"Allahu akbar. Kin gani, Mu'minat? Kasuwa dut ba a samu ko guda ba." Yatsunsa da suka ɗinke buhun da ba ya ƙirguwa suka yi ta zamewa a kan igiyar. Sai a karo na uku ƙullin ya kama. Ya ja shi da haƙori ya ƙara masa ƙarfi.

Mu'minat ta rako ta zaure. A nan, inda muryarsu ba za ta kai ɗaki ba, Malama ta tsaya.

"Igiyoyin nan sun taimake ki da wani abu?"

"Ƙwarai. Dut wadda kasuwa taz zaɓa, in na kauce mata sai in ci." Ta yi wani ɗan murmushi da bai kai ido ba. "Kasuwa shiru taka zaɓe kullum, waya kuma ba ta son shiru. Ban hwaɗa mai ba. Yanzu ina cin takwas cikin goma. Na gane ba abin da za ka yi suka tambaya ba, abin da suka so ka ce za ka yi na."

"Kin san abin da ake faɗa a gari."

"Na sani. Shekaranjiya na tai sayen kankara, mai shago yay yi kamar bai gan ni ba." Ta ɗago ido. "Ni na san gatse na, Malama, tun ranan. Shi na bai sani ba."

Malama ta kau da ido ta dubi ƙofar zaure.

"Kuma wayar tana aje maki, ko an ruhe shahin. Biyu cikin biyar. Ni karon hwarko ɗaya nic ci, kin hi ni." Ba da izgili ta faɗa ba, da ma da izgilin ne da ya fi sauƙi. "Ban hwaɗa ma kowa ba, ba ni kuma hwaɗi. Amma ki yi musu magana. Ni ɗiyatai ta, in na ce jarrabawa ta, cewa za su yi ina kare ubana. Ke rabin rumhwar nan kin buge su da rula. Ke za su ji. Ina son ko mutum biyar su shigo su ce mai sannu shina gani."

"Ya ce ba ya son a sani."

"Sunanai ya hi aikin."

"Bari in ga bayan Juma'a," in ji Malama.

Ranar Juma'a ta yi wanka da wuri, ta fito da mayafinta na zuwa taro, ta shimfiɗa shi a kan gado. Ta zauna tana shirya maganar. Za ta ce tambayoyin jarrabawa ne, wannan mai sauƙi ne. Alhaji Lukmanu zai ce, to me ya kawo su kasuwa, ga ki katanga ɗaya da shi? Za ta ce ita ta ba shi shawara. Sahabi mai awo, wanda tun yana aji uku ba ya barin tambaya ta wuce, zai ce, ke Malama me ya hana ki amsa? Duk ta inda ta biyo da maganar, sai ta iske biyu cikin biyar a tsaye a bakin hanya. Ta gaya wa kanta yau Juma'a, maza suna hanzarin masallaci. Bayan an sauko ta ce rana ta yi zafi. Da la'asar ta tuna ai mai abin da kansa ya ce a rufe, amana ce, kuma jarrabawar Talata ce, kwana huɗu kawai. Wataƙila ma kafin nan maganar ta lafa. Ta dama kunun gyaɗa mai kyau, ta sa madara, ta miƙa ta kan katanga.

Tana wanke ludayin ne ta lura ta yi ta biyu ta yi ta uku a yini ɗaya. Ta ninke mayafin ta mayar cikin akwati.

Asabar da hantsi tana shanya wake ta ji muryar Mu'minat ta bayan katanga. Ba ihu ba ne. Salati take yi, a hankali, tana maimaitawa, kamar mai karanta wa wani don ya biya. Sai kuma ta yi shiru. Malama ta tsaya da faifai a hannu har kaji suka taru a ƙafarta.

Da ta shiga an riga an ja masa zane har kai. Mu'minat ta ce ya sha kunun jiya cokali uku, ya ce a gode wa Malama. Ya tambaya ko wani daga rumfa ya leƙo, ta ce masa suna ta lodi ne, kakar albasa. Ya ce haka ne, Allah ya ba su kasuwa. Ya ce ko me ya faru, Talata ta tafi Sakkwato.

Bayan azahar aka fito da shi. Malama ta tsaya a cikin zaurenta tana kallo ta tsagar ƙofa, tana ƙirgawa, don hannunta ya saba da rajista. Liman, ladan, dangi biyar daga Lafani, tsofaffin unguwa shida, sai Hamidu can baya ya rufe rabin fuska da hula. Goma sha huɗu. Mutumin da ya shekara arba'in a tsakiyar kasuwa, wanda babu buhun albasar da ya haye iyaka bai bi ta hannunsa ba. Da za su sha kwana, sai da liman ya sa kafaɗa a makarar don babu mai karɓar wani.

Da yamma Jamilatu ta shigo gidan makoki ta zauna kusa da ita a cikin matan da ba su cika tabarma biyu ba, ta raɗa mata, "Kin gani ko, Gwaggo? Kwana goma sha bakwai cif da yin Yasin."

Malama ta gyara mayafi. Ta tashi ta shiga ɗakin mamacin. Mu'minat tana zaune a bakin gadon da aka yaye wa shimfiɗa, jakar basillar tana kan cinyarta.

"Ba ni igiyoyin," in ji Malama.

Mu'minat ta ajiye jakar. Sannan ta tashi ta bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya.

Lahadi ranar kasuwar Illela ce. Tun daga bakin titi sai an kutsa, shanu, raƙuma, amalanke, masu canji suna kaɗa sefa a hannu. Malama ta sa mayafin taron, ta bar lema a gida don hannunta biyu a cike suke. A rumfar albasa Alhaji Lukmanu yana kan farar kujerar roba yana duba lodi, Sahabi yana kan sikeli, Hamidu yana jingine da ginshiƙi, 'yan dako suna kai da kawowa. Waɗanda suka bi ta ajinta suka fara miƙewa, sauran suka ga an miƙe suka tsaya.

"Malama, ranki shi daɗe, ai da kin aiko," in ji Alhaji Lukmanu. "Ku ba ta kujera."

"Bar ta."

Ta wuce har gaban kututturen. Baƙon Ƙonni ya janye basillarsa ya matsa. Ta zube dami goma a ƙasa, na goma sha ɗayan ta shimfiɗa shi a bakin wani buhu da ba a ɗinke ba, a kan jar albasa. Igiya uku cike da ƙulli, ta ramar da guda ɗaya, har da alamar haƙori a jikinsa. Sikeli ya daina motsi.

"Dabo bai kai rahoton kowa ba," in ji ta. "Tambayoyin jarrabawar neman aikin ɗiyarsa ne, ƙullin nan kuma amsoshinku ne yake ƙirga mata. Motar a rairayi ta kafe har hantsi. Ya zo wurina in koya wa yarinyar, na gwada tambaya biyar na faɗi uku, na ji kunyar in gaya masa, na yi masa gatse na ce ya zo ya tambaye ku. Ni na turo shi. Kuma tun ranar Alhamis na san duk wannan, yana da rai."